Ranar da Merv Ya Kira Ni Ozi

Zuwa ga matata Fotini,

Gaisuwa mai yawa da begen ganinki. Ya jikin Mama? Ina fata sanyin can gida Atina bai tayar mata da tarin ba.

Kada hankalinki ya tashi, amma kogin Murray na nan Ostireliya ya cika ya batse. An ce jibi ruwa zai shigo layinmu. Jiya ina tsaye a ƙofar shagonmu na suyar kifi, na rasa abin yi, sai ga maƙwabcinmu Merv da mota cike da yashi, mutum takwas a baya. Ya jefo mini shebur ya ce, "Tsoho, kallon kogi kake ko aurensa za ka yi? Kama aiki!"

Mun jera buhun yashi ɗari huɗu kewaye da shagon don tare ruwa. Na ce masa gidansa ya fi shagon gangare, ya je can. Ya ce gidansa mutum biyu yake ciyarwa, shagon kuwa gari guda.

Ki yi mana addu'a.

Mijinki,
Thanasis

Fotini tawa,

Ina gaishe ki, ina gaida Mama. Na ji daɗi da kika ce ta fara cin abinci.

Shago ya tsira. Gidan Merv kuwa ruwa ya kai taga. Na same shi yana kwashe laka, na buɗe baki zan yi godiya sai kuka ya ƙwace mini. Ya ce, "Kai, rufa mana asiri! Ozi ba ya yi wa Ozi kuka a kan yashi."

Shekara talatin da ɗaya a garin nan, ban taɓa jin an kira ni haka ba. Na tambayi matarsa Glenys asalin sunan. Ta yi dariya ta ce, "Wane asali? Ɗan Ostireliya ne ya yi mana tsawo a baki, muka datse shi. Abin da muke so kawai muke datsewa, Thano."

Ni dai na ga ma'anarsa da idona, sanye da takalmin roba.

Na kwaso su zuwa gidanmu, na ba su ɗakinmu, sai nasu ya bushe. Merv ya yi gardama, na ce, "Tsoho, shiga mota!" Ya shiga.

Glenys ta riga ta sauya wa tukwanenki wuri. Ki dawo da haƙuri mai yawa, kuma ki dawo da wuri.

Naki har abada,
Thano