Makullin da Aka Binne da Baba

Litinin, 15 ga Janairu

Yau Mama ta tuna: makullin a-kori-kurar Baba yana aljihun rigar kwat da muka binne shi da ita. Shi ke nan guda. Ranar Asabar za mu je lardin Ra don cikar dare ɗari da rasuwarsa, ta kuma rantse ba ta hawa motar kowa sai tasa. Kawu Sairusi, yayanta, ya ce, "To sai mu je mu roƙe shi ya miƙo." Mama ta yi dariya har ta koma kuka.

Talata, 16

Na buɗe shagon Baba, karo na farko tun rasuwarsa. Na ciro allon lantarkin motar da ke gane makulli, na maƙala wa ƙwayar da ke ajiye lambarsa na'urar Baba ta USB don in karanta lambar in saka wa sabon makulli. Minti biyu ta yi zafi kamar dutsen guga, kwamfuta ta ce ba ta ganin ta. Na canja waya, na goge haƙoran maƙallin, na kunna fanka. A banza.

Laraba, 17

Sau tara na'urar tana yankewa. Na zage ta, na zagi zafin garinmu Lautoka.

Alhamis, 18

Kawu ya zo da ƙanƙararren kifi, wai in ɗora na'urar a kai. "Litiana, ubanki da ido rufe yake wannan aikin." Na ce ya kwashe kifinsa.

Na san matsalar tun Talata. Muddin ƙwayar tana jikin allon, allon duka na'urar ke ciyarwa da wuta, dole ta ƙone. "Cire ta, 'yata, ragwanci ne maƙalli," haka Baba yake cewa. Amma shekara shida ina kusa da shi, bai taɓa bari na riƙe ƙarfen dalma a kan ƙwaya ba. Idan na ƙona ta, motar ta mutu. Tsoro nake ji, kuma ina jin haushinsa, Allah ya yafe mini.

Juma'a, 19

Na cire ƙwayar. Ƙafa takwas gare ta. Na'urar ko ɗumi ba ta yi ba. Ta karanta lambar, na saka wa sabon makulli, na mayar da ƙwayar.

Asabar, 20

Motar ta tashi bugu ɗaya. Mun loda gwaza da tabarmi, Mama ta shiga gaba. Kujerar tana inda Baba ya bar ta, ƙafata ba ta kai birki, na daɗe a zaune riƙe da sitiyari. Sai Mama ta ce, "Matso da ita mana."

Na matso da kujerar. Kaɗan dai.