Takardar Buhun Hatsi da Muka Sa wa Hannu

Zuwa ga Alhaji Laminu, mai gidajen abinci na Inuwar Gawo, Damagaram.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda ta dace da kai, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ina kuma yi mana jajen wannan fari da Allah ya jarrabe mu da shi damina biyu a jere.

Ni ne Mutari Isufu, wanda ya riƙe maka gidan abincinka na bakin tasha shekara goma sha ɗaya. Ba halina ba ne in fito da maganar cikin gida waje. Sau uku na zo ƙofar gidanka a Birni, sau uku mai gadi yana ce mini ka yi tafiya, alhali ga motarka nan cikin rumfa, direbanka yana shan shayi a gefenta. Shi ya sa na rubuto a fili, inda ba mai cewa saƙo bai iso ba.

Saboda waɗanda ba su san ni ba: aji uku na yi a kolej, mahaifina ya rasu, na ajiye littafi na kama neman na kaina. Da tsire na fara a bakin tasha, da jarin da na tara da gumina. A nan ka same ni, kai ka neme ni, ban zo maka da roƙo ba. Yanzu ma na koma na kafa teburina, ina sayar da shinkafa da wake, ina ci da iyalina. Don haka kada a ɗauka aiki nake nema.

Na ɗaya. Ban musa fari ba. Ni ke zuwa kasuwa, na san yadda kuɗin tiyar hatsi ke tashi tsakanin safe da la'asar. Na ga direbobin kamiyo, manyan motocin kaya, da kowa ke cin faranti biyu sun koma mutum biyu suna raba ɗaya. Da ka tara mu, ma'aikatan gidajenka uku, ka ce ba za ka iya ba, wallahi da mun yi maka addu'a mun watse. Dukiyarka ce, kana da ikon rufewa. Amma ba haka aka yi ba. Da safe muka zo muka tarar da kwado a ƙofa, a tasha da kasuwa da Sabon Gari, duk a rana ɗaya. Ana gobe za a rufe, an bar ni na sayo naman kwana biyu, ba wanda ya ce mini uffan.

Na biyu. Mako uku kafin rufewar, Sallau ɗan ƙanenka, wanda ka ɗora a kan takardun gidajen, ya zo da mota ya ɗauke firigo ɗin tasha, na'urar da muke sanyaya nama a ciki, wai za a kai gyara. Firigo ɗin lafiyarsa lau, ni ke buɗe shi kullum. Bayan kwana biyu ya dawo ya kwashe manyan tukwane huɗu, wai za a yi musu walda. Ba ɗaya da ta dawo. Kwanan baya na bi ta hanyar Mirya, na ga wani fili inda ake dafa wa leburori masu haƙar tafki abinci safe da rana. An ce mini Sallau ne ya samu kwangilar ciyar da su. Wannan ji na yi, ba zan rantse a kai ba. Amma tukunyar da ke kan wuta zan rantse a kanta, don ni na kai ta aka liƙa mata kunne, na san tabon. To Alhaji, ciniki ne ya mutu, ko kuwa wuri ya sauya aka bar mu a baya?

Na uku, kuma shi ne dalilin wannan wasiƙa. Kwana huɗu kafin a rufe, Sallau ya tara mu duka, mu goma sha bakwai, a gidan tasha. Ya ce ka tausaya mana, ka ba kowa rabin buhun hatsi kyauta. Mun yi murna, a shekara irin wannan rabin buhu ba ƙaramin abu ba ne. Ya fito da takarda biyu haɗe da allura. Ta saman an buga ta da Faransanci, tana cewa waɗannan ma'aikata sun karɓi kyautar hatsi daga hannun Alhaji. Ta ƙasan kuwa layuka ne kawai da sunayenmu, ba kan magana ko ɗaya. Na lura da haka, na tambaye shi me ya sa wurin sa hannu yake dabam. Ya ce wuri ne bai ishi mai buga takardar ba.

Mafi yawan abokan aikina ba su yi lakwal ba, wato makarantar boko. Duk takardar da ta shigo gidan nan ni ake miƙo wa. Na tsaya a gabansu na karanta, na juya musu da Hausa kalma bayan kalma, na ce godiya ce kawai, ba komi. Na fara sa hannu. Sai suka bi ni, mai biro da biro, mai yatsa da yatsa. Ba don Sallau suka dangwala ba, don ni suka dangwala.

Bayan an rufe, Madam Rahila, wadda ke karɓar kuɗi a gidan Sabon Gari, ta je ofishin da ke duba hakkin ma'aikata don ta san matsayinmu. Aka nuna mata takardar da aka kai can da sunanka. Ta ƙasan ita ce tamu, da hannuna a layin farko. Ta saman kuwa wata ce dabam. Wannan cewa take mu da kanmu muka ajiye aiki don za mu koma ƙauyukanmu saboda fari, mun kuma karɓi duk abin da ya kamace mu, ba mu bin kowa komi. Daga can ko gida ba ta biya ba, ta zo teburina ta gaya mini. Shekara bakwai muna aiki tare, na san Rahila, mace ce mai tsoron Allah, ba ta ƙara gishiri a magana.

Alhaji, wanda ya rubuta wannan ko tasha bai leƙa ba. Wane ƙauye za a koma? Mutanen Zermu da Dakusa da Damagaram Takaya su ne ke kwararowa cikin gari, da tabarmi da ƙwarya, sun bar gonaki ƙasa tsura. Iya Zenabu, mai tuƙa mana tuwo, 'yar Dakusa ce. 'Yan uwanta tara ne suka sauka a ɗakinta guda. Ita ce za ta ajiye aikin da take ci da su, ta koma inda suka gudo? Ko mahaukaci ba zai yarda ba.

Zan yi maka adalci. Na san kai ma ba ka karanta Faransanci, karanta maka ake yi. Mai yiwuwa ne abin da aka gaya maka dabam, abin da aka kai ofis dabam. Na daɗe ina riƙe da wannan uzuri a raina. Amma kullum aka ce mini ka yi tafiya, sai uzurin ya ƙara sirancewa.

Na huɗu. Abin da ya fi ci mini rai ba kuɗin sallama ba ne. Mutanen nan yanzu sun ɗauka da ni aka haɗa baki. Suna cewa ni na iya karatu, ni na fara sa hannu, ni ne kuma na kafa tebur kafin kowa, to da wane jari? Jarin nan akuyoyin matata uku ne, na sayar da su a farashin fari, kuɗin da a da ko ɗaya ba zai saya ba. Amma wa zai saurare ni? Iya Zenabu shekara goma tana kirana ɗanta. Ranar Juma'a muka haɗu a bakin kasuwa, na durƙusa na gaishe ta. Ta dube ni ta ce, "Lafiya lau, mushe Mutari," da laƙabin nan na Faransanci da ake kiran baƙon ɗan boko, ta gyara lulluɓinta ta wuce. Ban gaji gona ba, ban gaji gida ba. Sunana kaɗai nake da shi a garin nan, da shi mahauta ke ba ni nama su jira ni zuwa yamma.

Ga abin da nake nema. A janye waccan takarda daga ofis, a lissafa wa kowa hakkinsa yadda doka ta ce, ko da biya-biya ne za ka bayar, mun san halin da ake ciki. A ba kowa takardar shaidar aiki mai faɗin gaskiya, cewa gida aka rufe, ba shi ya gudu ba. Sannan ka tara mu, mu goma sha bakwai, kai da Sallau kuna zaune, a ajiye takardun saman nan guda biyu a kan tebur. Kada a ba ni in karanta. A nemo wani wanda bai san ni ba, bai san ka ba, ya karanta su da ƙarfi ya juya da Hausa. In ya tabbata na ga ta biyun kafin in sa hannu, zan naɗe teburina in bar Damagaram. In kuwa ban gani ba, ka faɗa da bakinka a gaban Iya Zenabu.

Allah ya ba ka lafiya da tsawon rai, ya raba ka da hakkin mai rauni, ya nuna maka gaskiyar na kusa da kai. Allah ya kawo mana damina mai albarka. Ina nan bakin tasha, gabas da inda ka sa kwado, kullum daga safe har la'asar.

Wassalam.

Mutari Isufu,
tsohon mai riƙon gidan abinci na tasha.