Askin Ɗan Yawuba

Mindif

Zuwa ga 'yata Astajam, malamar jinya a Maruwa,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. An ce ke kika tsare jikana, ɗan Yawuba, cikin akwatin gilashi da roba a hanci. Jibi suna. A gidanmu a tsakar gida ake aske jariri, gashin ya zuba cikin ƙwaryar madara, sannan a raɗa masa suna. Haka na aske ki da hannuna. Dangi sun taho tun daga Bogo. Ki cire robar ki ba ubansa shi, da yamma a mayar miki.

Baffanki,
Hamajoda

Maruwa

Baffa,

Ina gaisuwa da ladabi, a gaida su Goggo. Ba zan bayar ba.

Yaron nan bakwaini ne, huhunsa bai nuna ba. Robar da ta tsaya muku a rai iskar oksijin take kai masa, kuma auna ta nake yi kamar gishirin miya: in ta yi kaɗan ya shiɗe, in ta yi yawa ta ci masa idanu. Goggo ta aiko wai a ɗaura tukunyar iskar a bayan babur. A hanyar Mindif? Ko ƙwai ba ya isa lafiya!

Ku yanka ragonku, ku ci, ku zage ni. Gashi dai ba ya gudu.

'Yarka,
Astajam

Maruwa

Baffa,

Gaisuwa. Gara ka ji daga bakina. Jiya Hamma Yawuba ya faki idona ina wanke hannu, ya zura hannu cikin akwatin ya zare robar. Na ce, “Hamma, sake shi!” Ya ce, “Ke kika haifa min shi?” Kafin ya rufe baki leɓen yaron ya koma shuɗi kamar an tsoma a ruwan baba. Na kwaɗa wa yayan nawa farantin ƙarfe a hannu, na mayar da robar, na yi ta murza bayan yaron har ya yi kuka. Uwarsa Dudu ta zube a ƙasa.

Na tsorata, Baffa. Amma ban yi nadama ba, kuma na sa mai gadi ya hana Yawuba shiga. In ka ce kada in ƙara taka gidanka, na ji. Yaro dai yana nan.

Ka huta lafiya,
Astajam

Mindif

Astajam,

Na amsa gaisuwarki. An yi suna babu jaririn, sunansa Sa'udi. Na gaya wa dangi ni na hana a kawo shi, mai magana ya zo ya same ni. Hannun Yawuba ya kumbura, ban ce masa sannu ba.

Ki ba direban da ya kawo miki wasiƙar nan amsa kafin ya juyo: yaya leɓen yaron yake yau?

Allah ya yi miki albarka,
Baffanki