Furannin da Ka Mayar Cikin Akwatin Kifi

Nassarawa GRA, Kano
Yuli, 2000

Zuwa ga Simon, masoyina, sanyin idona, ruwan farkon damina a kan busasshiyar ƙasar zuciyata, inuwar da nake gudu in fake a cikinta idan rana ta take, mai haƙurin da ban cancanta ba!

Ina gaishe ka gaisuwar wadda ta yi laifi kuma ta san ta yi. Ya ka isa Gembu? Ya hawan dutsen nan da ruwan sama ya ɓata? Ya Mama, mahaifiyarka? Ina tambaya kamar ban san ni ce na sa hanyar ta yi maka tsawo ba.

A falo nake rubuta maka, a gaban akwatin gilashin nan namu. Ka tuna yadda ka same shi ranar da ka fara zuwa gaida Baba? Akwatin kifin marigayiya mahaifiyata ne, a bushe a lungu, tun bazarar da wuta ta daɗe ba ta dawo ba kifayen suka mutu, ita ma ba ta kai damina ba. Mun kasa jefar da shi, mun kuma kasa kallonsa. Kai ne ka durƙusa a gabansa ka ce akwai wasu furanni a dazukan da kake kula da su a kan dutsen Mambila, okid ake kiransu, ba su damu da ƙasa ba, a jikin itatuwa suke maƙalewa su sha danshin iska. Na yi maka dariya. A Kano? A wannan zafin da ke gasa ƙwai a kan bonet ɗin mota?

Da ka sake zuwa, sai ga ka da kwali, ga su a ciki naɗe da jiƙaƙƙiyar gansakuka kamar jarirai. Wayyo wannan yinin! Muka wanke gilashin tare, ka shimfiɗa tsakuwa a ƙasa ka zuba ruwa ɗan kaɗan, na farfasa gawayi da ɓawon kwakwa hannuwana suka yi baƙi ƙirin, ka ɗaure saiwoyin a jikin ɓawon itace da zaren ɗinkina. Ka koya mini in bar murfin a ɗan buɗe don su sha iska, in fesa musu ruwan sama da safe kawai, in rufa musu jiƙaƙƙen buhu idan fanka ta tsaya. Ina kallon yatsunka, manyan yatsun nan masu kanta, yadda suke taɓa saiwa ba su karya ta ba, a ranar zuciyata ta gama yanke shawara a kanka. Wace mace ce za ta ga irin wannan hannu ta ƙi miƙa masa ranta?

To ga abin da na yi wa mai wannan hannu.

Na san abin da ya sauko da kai daga dutse da motar haya a farkon watan nan. Ƙaninka Derrick ka binne bayan rikicin Kaduna, kai ka je ka gane shi, kai ka ɗauke shi, saboda shi muka ɗaga aurenmu. Da ka ji an ƙaddamar da Shari'a a Kano, ana ta jita-jita, wasu 'yan cocinmu suna ɗaure kaya, ka kasa zama. Ka kama mana gida a Gembu, ka gyara wa Baba ɗaki mai taga ta gabas saboda sanyin ƙafarsa. Ka ce mu tafi mu uku, a ɗaura auren a can. Na amsa maka. Har ka ciro furannin ɗaya bayan ɗaya ka jera a kwali, ka kwashe tsakuwar, don akwatin ya shiga mota.

Sai ga Baba ya fito da sandarsa, ya zauna a gindin mangwaron da mahaifiyata ta shuka, ya ce, "Ku yi haƙuri, 'ya'yana. A garin nan na yi aikin akawu har na tsufa, a nan matata take kwance. Ba inda za ni." Ka durƙusa kana roƙonsa. Maƙwabciyarmu Hajiya Luba ta shigo tana kuka, 'ya'yanta mata biyu da nake koyarwa suna bayanta, ga jarrabawar ƙarshe suna cikinta. Ni kuma na tsaya a tsakiya kamar an ɗaure ni da igiya biyu ana ja. Da ka juyo gare ni ka ce in yi wa Baba magana, ban san daga ina abin ya fito ba. A gaban direba, a gaban kowa, na ce maka, "Tsoro ne ya kawo ka, Simon, ba so ba."

Kaicona! Wa ya ba ni wannan harshe? Mutumin da ƙasar kabarin ɗan'uwansa ba ta gama kwantawa ba, shi na yi wa gorin tsoro? Ai son ne ya zama tsoron, na sani tun kafin bakina ya rufu. Na ga fuskarka ta canja kamar yadda gari ke yin duhu kafin hadari, na jira tsawa, ba ta zo ba. Da ka yi mini ihu, da ka zage ni, wallahi da na fi samun sauƙi.

Maimakon haka ka shiga falo. Na biyo ka na tsaya a bakin ƙofa. Ka mayar da akwatin wurinsa, ka zuba tsakuwar, ka ɗauko furannin daga kwali ka mayar da kowanne inda yake a da, ka fesa musu ruwa, ka gyara murfin. Direba yana ta danna oda a waje, ba ka yi sauri ba. Da ka gama ka gaida Baba, ka gaida Hajiya, ka shiga mota. Ni kuma girman kai ya riƙe mini ƙafa, ko ƙofar gida ban raka ka ba.

Tun ranar abinci ba ya mini daɗi. Ina shiga aji in tsaya a gaban allo in manta abin da zan rubuta. Kai ne iskar da nake shaƙa, ya zan yi da na kore ka da bakina? Kai ne raɓar safiyata, wa zai jiƙa ni yanzu? Ɗaya daga cikin furannin, ƙaramin nan mai kaurin ganye da bai taɓa yin komai ba, ya fito da kara, jiya ya buɗe, fari fat da ɗan ɗigon ja a tsakiya. Na yi ta jiran wannan rana don in nuna maka, da ta zo na zauna a ƙasa na yi ta kuka.

A haka Baba ya same ni. Ya miƙo hannu ya ce in ba shi kwalbar feshin, in nuna masa yadda ake yi. Da ya fesa, ya jiƙa gilashin fiye da saiwoyin. Ya ce, "Kezia, ni na ce ba za ni ba. Ban ce ke ma ki zauna ba." Ashe ya riga ya yi magana da Alhaji Ja'afaru, mijin Hajiya Luba. Alhaji ya ce muddin yana numfashi ba abin da zai taɓa Baba, abincinsa kuma daga tukunyarsu zai riƙa fitowa. Ka ga halin da nake ciki, masoyina: idan na zauna na cuce ka, idan na tafi na bar tsoho shi kaɗai a gidan da ya yi masa girma. Duk inda na juya akwai wanda zan nemi gafararsa. Amma na zaɓa.

Da zarar 'yan matana sun ajiye alƙalamin jarrabawa, zan hau motar Jalingo, in bi ta Serti in hau dutsen nan da kaina. Kada ka aiko mota, kada ka tarbe ni a tasha. Ina so in zo ƙofarka da ƙafata, in durƙusa a gaban Mama, sannan in durƙusa a gabanka, in janye maganar nan a gaban mutane kamar yadda na faɗe ta a gaban mutane. Ba na roƙon ka manta. Ina roƙon ka buɗe ƙofar kawai. Idan ka buɗe, a sa ranar da ka ga dama. Idan kuma zuciyarka ba ta huce ba tukuna, zan zauna a bakin ƙofar, ruwan Mambila ya yi ta dukana har ta huce.

Allah ya tsare mini kai, ya sanyaya abin da na ƙona.

Taka, a Kano ko a kan dutse, ko ka yafe ko ba ka yafe ba, har ranar da za a rufe mini ido,

Kezia