Ashe Tuni An Ƙera Ta

Daren Laraba, Annandale

Barci ya ƙi zuwa. Tun safe nake kan takardun wani injiniya mai neman a yi wa ƙirƙirarsa rajista: wata 'yar na'ura da ake manna wa mara lafiya a ƙirji, in numfashinsa ya ragu ko zuciyarsa ta rikice sai ta buga wa iyalinsa waya. Ina karantawa ina ganin Inna. A ɗakinta a Funtuwa ta cika, bango ɗaya tsakaninta da Yaya Binta, ba wanda ya sani sai da asuba.

Na so in amince masa. Amma aikina shi ne in bincika ko wani ya riga shi, kuma an riga shi. Irinta sak, shekara huɗu kafin rasuwar Inna.

Da na gaya wa Yaya a waya ta ce, "Hadiza, ki bar maganar nan, kwananta ne ya ƙare."

Na sani. Allah ya jiƙanta. Amma takardar wanda ya riga shi ɗin tana cikin kwamfutar ofishinmu tun Inna na da rai, ban neme ta ba sai yau, don in hana wani.