Sun Ja Layin Alli a Inda Hannuna Ya Tsaya

Anti Hermien, don Allah ki taimake ni kafin ranar Alhamis. In ranar ta wuce ban san abin yi ba, ina jin na rabu ke nan da wurin da na fi so a duk garin nan.

Shekarata goma sha shida, a garin Groningen nake. Ba ni da surutu. Ko a aji malami ya kira sunana sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi. Abu biyu ne nawa a duniya: littattafan soyayya da hawan bango. Ban sani ba ko kin taɓa leƙa irin zauren da muke zuwa. Bangon ba shi da tsawo sosai, babu igiya, katifa ce mai kauri a ƙasa, in ka faɗo ka faɗo. An ɗaura mariƙai kala-kala a jikinsa, kowace kala hanya guda ce daga ƙasa zuwa sama. Duk bayan ɗan lokaci ma'aikata sukan kwance wani sashe su ɗaura sababbin hanyoyi. Abin da ya sa nake son wurin, kowa bango yake kallo, ba mai kallona. Ko kuwa in ce da can haka ne.

A cikin masu ɗaura hanyoyin akwai wani Tjibbe, ɗan jami'a ne, ya girme ni sosai. Dogo ne, in ya miƙa hannu sai ki ce fitilar rufi zai canja. Wata rana ina shirin hawa, ya zo da buroshi ya share mini allin da ya daskare a kan wani mariƙi, ya ja da baya. Na sani, Anti, na sani kowa yana yi wa kowa haka a can. Amma ni sai da na yi mako guda ina juya abin a raina, a kan keke, cikin ruwan sama, har na kusa shiga bayan wata bas. Kar ki yi mini dariya.

Matsalar ita ce hanyoyinsa. Ni gajeriya ce, gajeriya ta gaske, a ƙasar da kowa kamar an ja shi da igiya. Duk hanyar da Tjibbe ya ɗaura sai ta ƙare da wata miƙa mai nisa. Akwai wata koriya a sashen da bango ya rankwafo. Tun ranar da aka ɗaura ta nake fama. Na haddace ta kaf, ina iya yin ta ido rufe, sai mariƙin ƙarshe kawai. Kullum yatsuna su tsaya dab da shi, in faɗo. Sai ga wani zanƙalelen yaro da ya fara zuwa watan jiya, da takalmin haya ma, ya hau sau ɗaya ya cafke shi kamar yana ɗaukar kofi a kan kanta. Washegari aka kwance ta.

Ranar na shiga banɗaki na yi kukana. Da zan fita, akwai wani allon kwamfuta a bakin ƙofa mai hotunan fuskoki, wai mutum ya faɗi ra'ayinsa ba sai ya sa suna ba. Na danna fuskar mai fushi, na kama rubutu. Ni da ba na iya tambayar inda ake ajiye takalmi, sai ga ni na cika allon. Na ce masu ɗaura hanya sun ɗauka falwayoyi ne kawai suke biyan kuɗin shiga. Na ce wanda ya ɗaura koriyar nan bai taɓa sunkuyawa ya ga akwai mutane a ƙasa ba. Har da wani abu wai zuciyata ta faɗo tare da ni kan katifa. In na tuna wannan sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Tun daga nan komai ya canja, kuma canjin ne ban yarda da shi ba.

Marloes, matar da ke kula da wurin, tun da nake zuwa ba ta taɓa ce mini komai ba sai in nuna katina in wuce. Yanzu da na shigo sai ta kira sunana da ƙarfi, wai ya yatsuna, wai ya makaranta. Har shayin na'ana'a ta ba ni kyauta. Haka kawai? Na sha, amma ina kallonta ta gefen ido.

Sannan akwai allo kusa da ɗakin canja kaya, inda suke liƙa ƙorafe-ƙorafen da aka yi a wata, da amsarsu a ƙasa. Na zo wucewa sai ga maganata ta falwaya, baro-baro. A ƙasa sun rubuta wai sun ji, suna gyarawa. Wani kuma ya zana falwaya da takalmin hawa da jakar alli a kugu. Mutane suna tsayawa suna ƙyalƙyala dariya. Ni na wuce sumsum kamar ban iya karatu ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na makon jiya. Ina gwada wata sabuwar hanyar Tjibbe ruwan ɗorawa, sai na ji ana tsaye a bayana. Tjibbe ne da wani abokin aikinsa, sun harɗe hannu. A can in mutum yana fama, na ƙasa sukan yi masa ihu, wai daure, saura kaɗan. Su ko tari ba su yi ba. Na miƙa, ban kai ba, na faɗo. Ina kwance a katifa Tjibbe ya yi tsalle ɗaya, ya ja layi da alli daidai inda yatsuna suka tsaya. Ya sauko ya yi wa ɗayan raɗa, suka yi dariya. A gaban mutane, Anti. Kamar yadda ake auna tsawon yaro a jikin ƙofa.

Da na dawo bayan kwana biyu, sai na ga an ɗaura wani ɗan mariƙi ƙarami daidai kan layin. Na hau, na kama shi, na kai sama. Karo na farko ke nan da na gama hanyar Tjibbe, kuma ban ji daɗin komai ba. Ina saukowa na ji wani dogo yana ce wa abokinsa, wai an sa wa hanyar nan ƙananan tayoyin keken yara.

Ranar ce Marloes ta tare ni a ƙofa. Wai ranar Alhamis bayan an tashi makaranta za su rufe sashe ɗaya su ɗaura sababbi, wai in zo in gwada musu kafin a buɗe wa jama'a. Daga ni sai su. Na ce zan yi tunani, na gudu. Tun ranar ban koma ba, har kantar hannuna ta fara laushi.

To, ta yaya suka san ni ce? Ƙawata Jildou kaɗai na gaya wa, kuma yayanta yana shan kofi da su Tjibbe. Ta rantse ba ita ba ce, wai in daina kallonta kamar ta sace mini keke, amma na daina zama kusa da ita a aji. Ko kuwa allon kwamfutar nan yana haɗa abin da mutum ya rubuta da katinsa? Akwai kuma kyamara a saman ƙofar, sai yanzu na lura da ita. Wani lokaci in ce so suke su tara ni su ga ina ta faɗowa, su ɗauka a waya su sa a shafinsu. Wani lokaci in ce Tjibbe ne yake son ramawa, don na ci mutuncin aikinsa. Wani lokaci kuma, kin san a littattafai yarinyar da ta fi gaya wa mutum magana ita ce yake komawa... ba sai na ƙarasa ba. Na san shirme ne. Amma in shirme ne, me ya sa ya tuna daidai inda hannuna ya tsaya?

In je, ko in nemi wani abin yi da yammata?

Taki,
Wadda Hannunta Bai Kai Ba

Ya 'yata,

Bari in fara da tambayar da ta hana ki barci, wato yadda suka gane ki. 'Yan mata gajeru nawa ne suka yi kwana da kwanaki suna faɗowa daga koriyar nan, suka fito daga banɗaki da jan ido ranar da aka kwance ta? Ba sai an nemi kyamara ba, ba sai an nemi Jildou ba. Ki koma kujerarki kusa da ita, ki ba ta haƙuri. Ba ki da wata hujja a kanta sai kofin da yayanta ke sha.

Amma zarginki ba duka ne banza ba. Sun ce ba sai an sa suna ba, don haka ko sun gane ki, kamata ya yi su riƙe a cikinsu har sai kin nuna kina son a sani. Kiran suna da shayi da liƙa maganarki a inda kowa zai karanta, duk a lokaci guda, ya yi wa mai kunya irinki yawa. Ina jin da kyakkyawar niyya suka yi, amma sun yi garaje. Kina da haƙƙin ki tambayi Marloes kai tsaye ko allon yana haɗa rubutu da kati, kuma dole ta ba ki amsa. Zanen falwayar kuwa, ki sake dubawa: dogayen aka zana, ba ke ba. Maganarki ce ta ba mutane dariya domin ta yi daidai.

Game da layin alli, na tambayi wata da ke wannan aiki a wani gari. Ta ce dogon mutum ba shi da yadda zai yi ya gajarce, don haka ba ya sanin inda hanyarsa ta fi ƙarfin wani sai ya tsaya ya ga inda hannu ya ƙare. Shirun da suka yi, kallon aiki ne. Dariyar ban san ta mece ce ba, ke ma ba ki sani ba. Wataƙila ke ce, wataƙila kansu suke yi wa da suka ga girman kuskurensu. Abin da na sani shi ne, mai neman wulaƙanta ki ba ya ɗauko tsani da noti ya ɗaura miki wurin kamawa. Ya kamata ya yi miki magana kafin ya ja layin, wannan kam ya gaza. Shi kuwa mai zancen tayoyin keke, ba wanda ya ce dole ya kama. Shi an haife shi da nasa a hannu.

Sai batun Tjibbe. Ba zan yi miki dariya ba, ni ma na yi shekara goma sha shida. Amma babba ne, ke yarinya ce, a wurin aikinsa kuma. Buroshi ladabin wurin ne, layin alli awo ne. Ya tuna inda hannunki ya tsaya ne domin aikinsa ke nan. Ki bar wancan labarin a cikin littafi, ya fi daɗi a can. In ma wata rana shi ko wani babba ya nemi ya mai da shi wani abu, wannan ba soyayya ba ce, ki gaya wa mahaifiyarki a ranar.

Shawarata ita ce ki je, amma da sharuɗɗanki. Kafin Alhamis ki samu Marloes, ko ki aika mata saƙo in baki ya ƙi buɗuwa. Ki ce za ki zo da ƙawarki, ba kya son a ɗauke ki a waya, kuma in takardar allon tana damunki a cire ta. A gida ma su san inda kike. Yadda ta karɓi wannan shi zai nuna miki gaskiyarsu fiye da duk tunanin da za ki yi a kan keke. In ta yi tsaki ko ta mai da shi wasa, to kin samu amsarki, ki nemi wani zauren, ba ki yi asarar komai ba. In ta ce to, ki ɗaura takalminki.

Kuma ki sani, a ranar faɗowa aka kira ki ki yi. Duk inda kika faɗo, wurin gyara kika nuna musu. Kada ki haɗiye maganarki, kada ki ba da haƙuri. Ki ɗaga kai ki ce musu nan bai kai ba, su hau tsani su matso da shi. Na tabbata akwai wasu 'yan mata gajeru da suka zo zauren nan, suka faɗo, suka ɗauki jaka suka tafi ba su rubuta komai ba. Ke kin rubuta. Waɗanda za su zo ranar Juma'a, a kan awonki za su hau.

Allah ya ba ki ƙarfin yatsu da na zuciya, ya sa ki sauko lafiya.

Antinki,
Hermien