Jan Ƙyalle a Wuyan Obispo

Santa Rufina, 9 ga Yuli

Ƙanena Anselmo,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan sanyin La Paz bai ƙarasa maka ƙirjin nan naka ba. Ga cuku nan na ba Don Hilarión direba. Ka duba da kyau, ka san halinsa da ɓantara.

Ba lafiya ce ta sa na rubuto ba. Kare ya ciji surukar magajin gari a ƙofar kasuwa. Cizon bai kai ya kawo ba, amma an kafa sanarwa: in ba a yi wa karnukan kasuwa allurar hauka da aikin hana haihuwa ba kafin ƙarshen Satumba, za a zuba musu nama mai guba, kamar yadda aka yi shekara shida da suka wuce. Ba ka nan lokacin. Ni na ga motar shara ta kwashe su.

Ƙungiyarmu ta kula da karnukan mata tara ce, sai likitan dabbobi da yake zuwa in ya ga dama. Karnuka tamanin da ɗaya ne, har da Obispo, baƙin nan mai farin wuya da yake kwana ƙarƙashin teburin miyar Doña Petrona. Tunda kai kake yi wa gidauniyar nan ta Turawa tafinta, ka duba mana inda takardarmu ta neman tallafin allurar ta maƙale.

Yayarka,
Zenobia

La Paz, 21 ga Yuli

Yaya Zenobia,

Gaisuwa da girmamawa. Cuku ya iso, saura kashi biyu cikin uku.

Ga yadda abin yake. Ƙungiyoyi ɗari uku da goma sha biyu ne suka nema a bana, daga Nepal har Kenya, kuma goma sha biyu za a ba. Taku ta tsallake zagayen farko. Sharaɗin da ya rage ɗaya ne: tallafin na karnukan da ba su da mai su ne, kuma sai sun kai hamsin. Wata jami'a za ta zo ta ƙirga da idonta ranar 16 ga Agusta. Ni na tsara mata tafiyar.

Kada ki gaya wa kowa, ko matan ƙungiya. An taɓa samun wasu a wata ƙasa da suka aro karnuka daga ƙauyuka saboda ranar ƙirga. Tun daga nan, duk inda aka ji ƙamshin shiri, soke takarda ake yi. Ki bar kasuwa yadda take kullum.

Ki gaida Doña Petrona.

Ƙanenki,
Anselmo

Santa Rufina, 18 ga Agusta

Anselmo,

Ina gaisuwa. Shekara nawa ka yi a birni da har ka manta mene ne 16 ga Agusta? Ranar San Roque ce, waliyyin karnuka. Kai da Inna take aika ka sayo jan ƙyalle duk shekara! Na lura da ranar tun da na karanta wasiƙarka, amma na ɗauka wani abu kuka shirya a can, na yi shiru yadda ka ce.

Tun da safe babu karen da ba a ɗaura wa ƙyalle a wuya ba. Obispo har uku gare shi. Jami'ar, wata Baturiya, ta iso wajen ƙarfe goma, da littafi a hannu, da direba mai riga ruwan lemo irin ta ma'aikatan hukuma. Ta tsaya tana nuna karnuka da biro tana rubutu.

Petrona ta ajiye ludayi. Ta ce wa Doña Casilda mai dankali, da harshenmu na Aymara, “Comadre, ƙawata, wancan karon ma da ƙirga aka fara.” Kafin in tsallako daga layin masu nama, magana ta zaga kasuwa.

Baturiyar ta nuna Obispo, direban ya tambaya, “Mama, wannan na waye?”

“Nawa ne. Ba ka ga wuyansa ba?”

“Wancan gurgun fa?”

“Shi ma.”

Casilda ta ce, “Kai Petrona, ji tsoron Allah, gurgun nawa ne. Tun yana jariri nake ba shi nono.”

“Ke da ko mijinki ba kya ba ruwan zafi?”

Aka kwashe da dariya, Baturiyar ma ta yi, ta ɗauke su hoto. Haka aka bi layi layi. Don Saturnino mai gyaran takalmi, da ko inuwar kare ba ya so, ya ce biyar nasa ne, ya ƙaga musu sunaye nan take. Ina tsaye a bayan Baturiyar ina yi musu alama da ido, su kuma suna ɗaga mini gira, wai kada in damu, sun gane.

Na ja ta gefe na ce tsoro ne ya sa suke faɗin haka. Ta ce ta fahimta, amma abin da mutane suka faɗa da bakinsu shi take rubutawa. Huɗu ta samu marasa mai su, su ma don sun tafi juji da safe ba a kama su ba.

Da ta tafi Petrona ta zuba mini miya kyauta. Ta kira ni malama yadda suka saba, ta ce, “Profesora, yau mun tsirar miki da su.” Na sha.

Ka yi wani abu.

Zenobia

La Paz, 5 ga Satumba

Yaya,

Gaisuwa. Na jinkirta ne don ina so in zo miki da abin kirki, ban samu ba.

Na rubuta wa kwamiti shafi uku, na bayyana San Roque da gubar wancan karon. Amsarsu layi huɗu ce. Sun ce rahoton ya nuna al'umma mai kula da dabbobinta abin yabo, don haka akwai inda buƙata ta fi tsanani. Gurbinku ya tafi wani gari a Romania. Ba zan ce su ma ba su cancanta ba. Na ga hotunansu. Hoton Doña Petrona da Obispo kuwa za a sa shi a kalandar baɗi.

Ranar ni na zaɓa, saboda ita ce ranar da jami'ar ba ta da wani aiki. Na duba jadawalin jirgi, ban duba na coci ba. Shirun ma ni na sa ki.

Ga kwafin rahoton. Ki kai wa magajin gari, tunda takarda ce mai hatimi da ta ce karnukan suna da masu su. Na haɗa da fom ɗin baɗi.

Ki yafe wa ƙanenki,
Anselmo

Santa Rufina, 24 ga Satumba

Ƙanena,

Na yafe, Allah ya yafe mana duka. Ka riƙa shan maganin tarinka.

Na kai rahoton. Magajin gari ya karanta har ƙarshe, ya ce, “Madalla, Profesora. Tunda suna da masu su, kowa ya kulle nasa a gida. Wanda muka tarar a titi ran ɗaya ga wata, ba na kowa ba ne.”

Dole na gaya wa matan gaskiya. Petrona ta zauna a kan buhun albasa, ta ce, “Wato da mun yi shiru, da an yi musu allura?” Na ce haka ne. Ta ce, “Ke kuma kina tsaye kina kallonmu.” Kwana huɗu ba ta amsa gaisuwata ba.

Mun gwada kai su gidaje. Yawancin matan ɗaki ɗaya suke haya, masu gida sun ƙi. Goma sha bakwai suka samu wuri, shida suna tsakar gidana. Petrona ta ɗaure Obispo a ƙafar gadonta sau biyu. Duk biyun ya cinye igiyar, ya riga ta isa kasuwa. Shekararsa biyar a ƙarƙashin teburin nan, bai san wani gida ba.

Saura mako guda.

Yayarka,
Zenobia

Santa Rufina, 3 ga Oktoba

Anselmo,

Gaisuwa. An zuba gubar shekaranjiya. Obispo yana ciki.

Petrona ta bi motar shara ta kwance ƙyallen wuyansa, ta wanke, ta shanya a igiyar rumfarta. Jiya na ga ta jefa ƙashi ƙarƙashin tebur, sannan ta sunkuya ta ɗauke.

Ga fom ɗinka na dawo maka da shi. Tambaya ta huɗu ta ce karnuka nawa ne a garinku ba su da mai su. Yanzu ko huɗun babu.

Petrona ta ce in kalandar ta fito, ka aiko mata guda.

Yayarka,
Zenobia